Allurar Rage Ƙiba: Wa Zai Iya Ɗaukar Nauyinta Har Ƙarshe?

Tun daga shekarar 2021, sa'ad da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Wegovy domin rage ƙiba, labarinta ya game duniya, har ya zama abin hira a ofisoshi da makarantun ƙasar nan.

Babu mai musun cewa allurar tana aiki. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ne ke yin ta, sinadarin da ke cikinta kuwa shi ne dai na Ozempic ta masu ciwon sukari. Sau ɗaya ake yin ta a mako, ta dakushe wa mutum marmarin abinci. A gwajin da aka bayyana a 2021, waɗanda aka yi wa ita sun zubar da kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68.

To, amma akwai abin da masu yabonta ba su cika faɗa ba. Da aka bi sawun waɗanda suka daina, sai aka tarar cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na nauyin nan ya komo. Watau ke nan tamkar maganin hawan jini take, ranar da aka ajiye ta ciwo ya dawo. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba, ina zai sami kuɗin allura shekara da shekaru? In ya nemi mai araha kuma, ga jabu: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da Ozempic ta jabu da aka gano a Birazil da Ingila da Amurka.

Hanyar da ake rainawa kuwa tana da nata shaida. Wani babban bincike na Amurka a 2002 ya nuna cewa gyaran cima da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100 ga masu haɗarin kamuwa, alhali ƙwayar metformin kashi 31 ta rage. Minti 30 ke nan kullum, kwana biyar a mako.

Lalle akwai wanda ƙibarsa ta zama cuta, tafiya da rage tuwo ba su ishe shi ba. Irin wannan, likita ne zai yanke masa shawara, ba abokin ofis ba. Ya kamata kuma hukumar NAFDAC ta tsananta sa ido a kan kantunan da ke sayar da allurar ba tare da takardar likita ba.