Wa Ke Ƙwanƙwasa Wa Tsofaffinmu Ƙofa Da Safe?

Akwai wata magana da muke kewaye ta a taron dattawa, a kawo ta can ƙarshen ajanda sa'ad da kowa ya gaji, a ce sai zama na gaba. Maganar iyayenmu ce da suka tsufa a cikinmu, waɗanda ke kwana su tashi su kaɗai a Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Mu tuna yadda yawancinmu muka taru a nan. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, aikin ya jawo birkiloli da direbobi da makanikai daga ko'ina. Waɗansu kuma koyarwa ta kawo su, ko aikin asibiti, ko ɗan sanda, ko kasuwanci: daga ƙasar Zuru, daga kudancin Kaduna, daga Filato, daga ƙasar Ibo da ta Yarbawa. Saurayin da ya iso yana ɗan shekara 25 a 1976 ya cika 70 tun 2021. Kowannensu ya zo da niyyar in ya huta aiki zai koma gida. Waɗansu sun koma. Waɗansu sun je sun tarar gonar gado an raba, tsararrakinsu sun kwanta dama, yaran gidan suna kiransu baƙi, suka juyo. Ga kuma 'yan'uwanmu Hausawa masu bi, waɗanda ba su da wani gida sai nan, kuma a cikinsu akwai waɗanda dangi suka ja jiki da su tun ranar da suka yi baftisma.

'Ya'yan fa? Mun sayar da abin da muke da shi mun yi musu makaranta, makarantar ta kai su Kaduna da Abuja da Legas. Waɗanda suka rage, rashin tsaro ya kori da yawa. Bayan an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu 2021, aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, aka kuma kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba, magidanta da yawa sun tattara iyalinsu sun bar jihar. Tsoho ya ce ba inda za shi. Aka bar masa waya da alkawarin za a riƙa aiko da kuɗi.

To, a watan Satumbar nan na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara makonni da dama, aka hana cin kasuwannin mako. A farkon 2023 takardar naira ta ɓace, mai kuɗi a banki ya kasa sayen mudun gero. A watan Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka, ziyarar da ake yi duk wata uku ta koma ta Kirsimeti. Sau uku ke nan cikin shekara biyu aka nuna mana cewa kulawar da ta rataya ga waya da banki da mota tana iya tsinkewa rana ɗaya.

A ƙasashen Turawa akwai abin da suke yi wanda ya kamata mu fahimce shi sosai kafin mu yi masa tsaki. Da zarar an ambaci wurin zaman tsofaffi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne gidan gajiyayyu, inda ake kai wanda ba shi da kowa, a jera gadaje, a riƙa kaɗa ƙararrawar abinci. Wanda nake magana a kai daban ne. Tsoho mai sauran ƙarfi yana da ɗakinsa da makullinsa da tukunyarsa, yana fita sa'ad da ya ga dama, sai dai maƙwabtansa tsararrakinsa ne, akwai mai share harabar gida, akwai wanda za a kira in dare ya yi tsakiya. Wani maginin gidaje mai suna Del Webb ya buɗe irin wannan gari, Sun City, kusa da Phoenix a Amurka, ran 1 ga Janairu 1960. Ƙungiyar SIM ma, wadda ECWA ta fito daga aikinta, ta kafa wa mishan ɗinta da suka huta irin wannan ƙauye a Sebring, jihar Fulorida, inda waɗansu da suka yi ƙuruciyarsu a ƙasar Hausa suka ƙarasa kwanakinsu.

Wannan na masu fansho mai kauri ne, na sani. Wanda ya fi kama da aljihunmu yana birnin Augsburg a Jamus. Wani attajiri, Jakob Fugger, ya gina wa matalautan Katolika na garinsa unguwa mai ganuwa, ya rubuta ƙa'idarta a 1521. Har yau ana zaune a ciki, yawancin mazauna tsofaffi ne. Kuɗin haya na shekara guda bai kai yuro ɗaya ba, santi 88 ne, sai kuma addu'a uku a rana. Kowa da ƙofarsa. Shekara 500 ke nan abin yana tafiya, domin mai ginin ya bar dukiyar da za ta riƙa gyara rufi bayan ransa. Wannan ɓangaren ne mu muke mantawa. Mun iya aza harsashi da waƙa da rawa, kuɗin gyara ne ba ma ajiyewa.

Me ya sa ƙasashe masu arziki suka damu haka? Sun gano kaɗaici cuta ce. Birtaniya ta naɗa ministar yaƙi da kaɗaici a 2018. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga jiki tana kama da ta shan taba kara 15 a rana. Mu ba ma bukatar likita ya faɗa mana. Mun ga mama da ta daina girki domin ba wanda za ta ci tare da shi, ta koma shan koko da safe da dare. Mun ga baba mai hawan jini da maganinsa ya ƙare tun makon jiya bai faɗa wa kowa ba, gudun kada a ce ya zama kaya. Shanyewar ɓarin jiki kuwa da awa ake lissafinta. Wanda ya faɗi a banɗaki da asuba, aka same shi da hantsi aka kai shi babban asibitin Talata Mafara, ko aka wuce da shi Gusau, ba ɗaya yake da wanda aka gano ran Lahadi domin ba a gan shi a sujada ba.

Duk da haka ba zan ba da shawarar mu nemi fili a bayan gari mu gina unguwar tsofaffin Kirista ba. A wannan zamani, tara marasa ƙarfi wuri ɗaya nesa da jama'a, kowa ya san 'ya'yansu suna aiki a birni, gayyatar masu garkuwa da mutane ce. Samun takardar fili da sunan ikilisiya ma, dattawa sun fi ni sanin wahalarsa. Akwai kuma dalili na uku da ba mu cika faɗa a kan bagade ba. Tsofaffinmu da yawa maƙwabtansu Musulmi ne ke riƙe da su: yaron maƙwabci ke ɗebo musu ruwa, matar maƙwabci ke aiko da tuwo, ran Sallah ga nama. Zaman shekara 40 ne ya gina wannan. In muka ɗauke tsohuwa daga irin wannan unguwa da sunan taimako, mun raba ta da dukiyar da ta fi ɗakin siminti. Wadda ke da irin waɗannan maƙwabta a bar ta inda take, mu je mu gode musu, mu karɓi lambar wayarsu mu ba su tamu.

Amma ba kowa ke da su ba. Akwai gwauraye a ɗakin haya da mai gida ke ƙara wa kuɗi kowace shekara. Akwai waɗanda suka gudo daga ƙauyuka suna raɓe a shagon wani. Akwai masu bishara da suka ƙare ƙarfinsu a gidan ikilisiya, ranar hutu aka ba su bargo da agogon bango, aka ce su ba sabon ma'aikaci wuri. Domin waɗannan ne nake roƙo. Mu kama gida ɗaya a cikin gari, kusa da majami'a, mai ɗaki huɗu ko biyar da tsakar gida da ruwa kusa. Kowa da ɗakinsa da murhunsa. A sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, a rage tsayin dakalin ƙofa. A ba wani matashin magidanci da matarsa ɗaki ɗaya kyauta, aikinsu su leƙa kowa safe da yamma, ga yaransu suna kai da kawowa, gama gidan da ba kukan yaro da wuri yake komawa ɗakin jinya. Wanda ke da fansho ko 'ya'ya masu hali ya biya abin da zai iya. Kuma kada a tilasta wa kowa, kada a sa hannu a gidansa ko gonarsa a matsayin sharaɗi.

Ikilisiya ɗaya ba za ta iya ba, dukanmu mun san abin da baikon Lahadi ke kawowa. Amma ECWA da Katolika da Anglican da Baptist da sauran da ke ƙarƙashin CAN a ƙaramar hukuma ɗaya, in suka haɗa, za su iya biyan hayar gida ɗaya. In muna iya haɗuwa domin makon addu'a da jana'iza, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, muna yi musu fatan alheri. Sai dai tsohuwar da ke Bakura ba za ta jira Abuja ta ɗebo mata ruwa ba.

Na san abin da 'ya'ya za su ce: abin kunya ne a ji uwata tana gidan ikilisiya ina da rai. Ɗan'uwa, ina fahimtarka. Amma ka kai ta Abuja sau biyu ta dawo, domin a can wuni take a bene ba mai yi mata Hausa, ba ƙawayenta na Zumuntar Mata. Kunyar da kake gudu ta bakin mutane ce, ita kuwa dare take tsoro. Ɗawainiyarta tana kanka har yanzu. Abin da ikilisiya za ta ba ka shi ne idon da zai gan ta kowace safiya. Aikin ma ba sabo ba ne. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni an zaɓi mutum bakwai ne domin an yi ƙorafin ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, a wasiƙa ta fari zuwa ga Timoti kuma akwai rajistar gwauraye da suka kai shekara 60.

Rajistar nan ita ce abin da za mu iya farawa da shi ba tare da ko kwabo ba. Kafin godiyar kaka ta bana, kowane sakataren ikilisiya ya rubuta sunan duk wanda ya haura 65 kuma yake kwana shi kaɗai, da maganin da yake sha, da lambar ɗansa, da sunan maƙwabcin da ya fi kusa da shi, da wanda ke riƙe da makulli na biyu. Zumuntar Mata da matasa su raba kwanakin mako a tsakaninsu, a rubuta sunan mai zuwa kowace rana a manna a bangon majami'a. A kuma tambayi kowane tsoho, tun yana iya amsawa da bakinsa, inda yake so a kai shi in ciwo ya yi tsanani, da inda yake so a binne shi, a rubuta a gaban shaidu biyu.