Suna Zuwa Awo, Amma Su Haihu A Gida: Laifin Wa?

Duk wanda ya taɓa bi ta gaban asibitin gwamnati a ranar awon ciki ya san yadda wurin yake. Tun kafin hantsi ya dubi ludayi benci ya cika, mata masu juna biyu sun yi layi har bakin baranda, kowace da katinta a naɗe cikin leda. To amma da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah, idan ranar ta zo, ba a asibitin suke sauka ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa mata 67 cikin 100 a Nijeriya suna zuwa awo wurin ƙwararrun ma'aikata, amma 39 cikin 100 ne kaɗai suke haihuwa a asibiti. A shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya tsaya ne a 16 cikin 100.

Idan aka tashi bayanin wannan giɓi a tarukan ƙara wa juna sani da muke yi a manyan otal-otal, amsar ba ta wuce jahilci da al'ada da kunya da mazan da ke hana matansu fita. Ba na musun cewa akwai duk waɗannan, ga kuma nisan hanya da rashin abin hannu. Sai dai matar da ta zo awo sau uku ko huɗu ta san hanyar asibiti, kuma mijinta ya bar ta ta zo. Ashe ke nan akwai wani abu da ta gani, ko ta ji daga bakin maƙwabciyarta, wanda ya sa ta yanke shawarar durƙusawa a ɗakinta. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni kaina sai da abin ya zo ƙofar gidana na fahimta. Shekarun baya maiɗakina ta haihu a wani asibitin gwamnati. Kafin mu isa na buga wa wani likita da muka yi makaranta tare waya, saboda haka muna shiga aka tarbe mu, Hajiya sannu, Hajiya ga gado, aka ja labule, aka yi mata bayanin kowace allura kafin a soka. Na fito ina yabon wurin ga duk wanda ya tambaye ni. Bayan 'yan watanni naƙuda ta kama matar maigadinmu cikin dare, yarinya ce ƙarama da aka kawo daga ƙauye, haihuwar fari. Muka kai ta asibitin nan dai, amma a wannan karo ban buga wa kowa waya ba, don ban ga dalili ba. Aka miƙo wa mijin takarda ya je ya sayo safar hannu da auduga da sabulu da sauran tarkace, ita kuma aka bar ta a kan benci tana murƙususu. Da aka shigar da ita, maiɗakina da ke tsaye a bakin ƙofa ta ji ana daka mata tsawa: “Ke, rufe mana baki! Lokacin da kike jin daɗinki da mijinki, da mu aka yi?” Daga nan ta ji ƙarar mari. An yi mata ƙari ba tare da an gaya mata ba, aka kuma ɗinke ta tana ihu. Allah ya sauke ta lafiya. Da ta sake samun ciki na ce wa mijin ya shirya mu kai ta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Alhaji, ta ce ko mutuwa ce, gara ta same ta a ɗakinta.”

Mai karatu zai iya cewa tsautsayi ne na dare ɗaya. To, a 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Nijeriya da Ghana da Gini da Myanmar, inda fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da aka tambaya suka ce an zage su, ko an buge su, ko an nuna musu wariya a lokacin haihuwa. Masu binciken ba su tsaya ga tambaya ba, sun zauna a ɗakunan haihuwa sun gani da idonsu, kuma a cikin matan da aka yi wa ƙari a gabansu, 75 cikin 100 ba a nemi yardarsu ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda abin ya fi shafa: 'yan mata masu ƙarancin shekaru da waɗanda ba su yi karatun boko ba. Wato wulaƙancin ma yana duba fuska kafin ya sauka. Mu ma'aikata da 'yan boko, da matanmu ke da lambar likita a waya ko kuɗin asibitin kuɗi a jaka, ba mu cika haɗuwa da shi ba, shi ya sa muke saurin kiran waɗanda suka guje shi jahilai.

A gwada da abin da ungozomar gargajiya ke yi. Ta san matar, ta san uwarta, watakila ma ita ta yanke mata cibiya. Tana kiranta “'yata”, tana rufa mata jiki, tana barinta ta durƙusa yadda ta ga iyayenta suna yi, tana yi mata addu'a, ba ta tambayar kuɗi kafin ta taɓa ta, kuma ta san yadda ake binne mabiyiya. Duk macen da aka ba zaɓi tsakanin wannan da kwanciya rigingine tsirara a gaban baƙi, wata a gadon dama wata a na hagu ba ko labule, ba sai an yi dogon nazari ba kafin a san inda zuciyarta za ta karkata. Matsalar ita ce ungozoma ba ta da maganin jini idan ya ɓalle, ba ta da allurar jijjiga, ba ta iya fiɗa idan ɗa ya ƙi fitowa. Doguwar naƙuda ta kwana biyu ko uku a ɗaka ita ke cika cibiyoyin masu yoyon fitsari irin ta Babbar Ruga a Katsina. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Don haka nake ganin marin da aka yi wa matar maigadina ba ƙaramin rashin ladabi ba ne da za a ce a yi haƙuri. Yana iya zama sanadin ajalinta a haihuwa ta gaba, da na ƙannenta da ta ba labari.

Adalci ne a faɗi cewa malaman asibiti su ma a cikin ukuba suke. Na san ungozomar asibiti da ke kwana ita kaɗai da mata shida a kan gwiwa, ba wuta sai fitilar waya, ba ruwa a famfo, ga albashi ba ya kai wata, ga abokan aikinta suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Da yawa daga cikinsu suna aiki tsakani da Allah, kuma wasu sun yi imani cewa tsawa da duka ne ke sa mace ta yi nishi ɗan ya fito da rai, don haka suka ga manyansu na yi tun suna ɗalibai. Wannan uzuri ne da ya kamata gwamnati ta ji kunyarsa. Amma bai amsa tambayata ba: yaya aka yi hannun da ya iya jan labule saboda Hajiya ya kasa jansa saboda matar maigadi?

Ba dokoki muka rasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar majiyyacin da ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyata, wanda ya ƙunshi haƙƙin a mutunta mutum, a rufa masa asiri, a kuma yi masa bayani da harshen da yake ji. Jihar Kano ta fara shirin haihuwa kyauta tun 2001, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Duk abin yabo ne. Sai dai abin da ya faru a Kenya ya isa ishara. A 2013, shekarar da ƙasar ta soke kuɗin haihuwa a asibitocin gwamnati, wata mata ta haihu a ƙasan simintin wani asibiti a Bungoma, ma'aikatan jinya suka zage ta suka mare ta. A 2018 babbar kotu ta yanke cewa an keta mata mutunci, ta ba ta diyyar shilin miliyan 2.5, ta kuma umarci a nemi gafararta. Kyauta ta kawo matar asibiti, amma ba ta hana a tozarta ta ba.

Abin da nake kira ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu da shugabannin asibitoci su yi bai kai tsadar ginin sabon ɗaki ɗaya ba. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar mace ta shiga ɗakin haihuwa da 'yar rakiyar da ta zaɓa, a kuma bar ta ta haihu a yanayin da ya fi mata sauƙi, ko da durƙuso ne. A ganina 'yar rakiyar nan ita ce kan gaba, domin da wuya a ɗaga hannu a mari yarinya alhali uwarta ko gwaggonta na tsaye a kanta, kuma ita ma malamar ta samu mai kama mata. Sannan a rataya labule tsakanin gadaje, kowace ma'aikaciya ta maƙala sunanta a ƙirji, a kuma sa wata dattijuwa wadda ba ma'aikaciyar sashen ba ta riƙa tambayar masu jego da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, kafin a sallame su, yadda aka yi da su, tunda akwatin koke ba ya amfanar wadda ba ta iya rubutu ba. Abin da suka faɗa ya shiga cikin takardar ƙarin girma.

Yawancin masu riƙe da waɗannan muƙamai abokan karatunmu ne, wasunsu ma suna karanta wannan shafi. Ina roƙon kowane shugaban asibiti daga cikinsu ya zaɓi dare ɗaya a watan nan, ya bar motar ofis a gida, ya je ya zauna a bencin da ke bakin ɗakin haihuwar asibitinsa daga ƙarfe 12 zuwa asuba, ba tare da ya buga wa kowa waya ba.