Littafin Da Ba Shi Da Ranar Ƙarewa

Ya ku 'yan makaranta, wani yaro na Gidan Goga ya kawo mini kuka. Ya tara kuɗin tallan gyaɗa ya sayi littafin yaƙi tun kashi na 1 har na 5 a kasuwar Talata Mafara, ga shi har yanzu jarumin bai isa birnin aljannun da ya nufa ba. Kashi na 6 kuwa, wai sai an kawo daga Kano.

To, ban ce tsawo laifi ba ne. Irin waɗannan littattafai sun koya wa yara da yawa karatun Hausa, har wanda malami ya gaji da shi sai ka gan shi da fitila tsakar dare. Wannan alheri ne, ba na musu.

Amma ku dubi Magana Jari Ce na Malam Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Littafi uku ne, ba wanda ya taɓa cewa ya yi yawa. Me ya sa? Don kowane labari yana da aikin da yake yi. Aku ba don nishaɗi kaɗai yake zuba ba, so yake ya tsare Musa ɗan Sarki a gida kada ya faɗa tarkon Waziri. In labarin ya gaza, yaron ya halaka. Kuma in ka tsaya a tsakiya ba ka yi hasara ba, don kowane labari da kansa da gindinsa.

Su kuwa masu jan zaren nan, kai! Jarumi ya kashe dodo mai kai bakwai, gobe sai ga mai kai goma sha huɗu. An sare shi bai mutu ba, an jefa shi teku bai jiƙe ba. Wanda ba ya mutuwa, ina dalilin jin tsoro dominsa? Sarakuna da bokaye sun yi yawa har mai littafin kansa ya manta wanda ya kashe a kashi na 2, ya tashe shi a na 4.

Kada a ce aljannu ne ke bukatar fili. Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam da Ganɗoki na Malam Bello Kagara sun fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933, duka biyu cike da aljannu da ƙasashe masu nisa, kowanne kuwa ɗan littafi guda. Alhaji Imam ya je, ya ɗebo ruwan, ya komo gida. Yaron Gidan Goga kuwa yana can yana jiran motar Kano.