A Bar Mana Majalisar Dara, Cacar Tana Cikin Waya

'Yan uwa mazauna Dutse Alhaji da kewaye.

Kwanakin nan magana ta yi yawa a kan majalisun da ake buga dara da ludo da karta a unguwarmu da yamma da kuma bayan isha'i. Wasu daga cikin manyanmu sun kawo shawarar ƙungiya ta rubuta wa masu unguwanni da 'yan sintiri takarda a tarwatsa su gaba ɗaya, wai matattarar zaman banza ce da caca. Mun saurara da ladabi, mun kuma san da kyakkyawar niyya aka faɗa. Amma mu a kwamitin gudanarwa ba mu goyi bayan wannan takarda ba, ga kuma dalilanmu.

Da farko a duba su wa ke zama a wurin. Direba ne da ya fita tun asuba. Mai gadi ne da ya kwana a ƙofar wani gida a Maitama ko Gwarinpa. Birkila ne, da ƙaramin ma'aikacin da ya sha cunkoson hanyar Kubwa daga Sakatariyar Tarayya, da mai shago a kasuwar Dutse, da ɗan acaɓar da aka hana shiga tsakiyar birni tun 2006. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma kowa ya san abin da kuɗin mota zuwa Wuse ko Area 1 ke cinyewa a ciki kafin a zo maganar haya da makarantar yara. Mutumin da ya ɗauko wannan kaya tun safe, in ya zauna awa ɗaya a kan benci yana dariya, da wane baki za mu kira shi ɗan zaman banza?

Masu sukar nan daga nesa suke jin shewa. Da sun matso da sun ji abin da ke cikinta. Wani zai ajiye ɗansa a gida ya ce, "Yau wata biyu oga bai biya mu ba." Abokin karawarsa ya ce, "To Malam, haƙuri za ka ƙara, don nan ma ba za a biya ka ba, na cinye." A fashe da dariya. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya ja Babarbare, kamar yadda muka gada. Kafin a share gidaje a sake sabon zubi, wani da ke gefe ya ce, "Wai lasisinka na tuƙi yana da rai? Ana neman direba a wurinmu, ka zo gobe da safe." Ta haka ake samun aiki a garin nan. Ta haka ake jin wanda mai gida ya ba wa takardar tashi, da wanda matarsa ke kwance a asibiti, da hanyar da ɓarayin mota masu ɗaukar fasinja suka koma. Namijin Bahaushe ba kasafai yake tashi a taro ya ce yana cikin matsi ba. A cikin raha yake sako ta, mai hankali ya tsinta. Mu da ke riƙe da littafin gudummawar ƙungiya mun san cewa yawancin larurorin da muka taimaka a kai, a bakin dara labarinsu ya fara fitowa.

Dara kuwa ba baƙuwa ba ce. Gida talatin ne a ƙasa, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Babu sa'a a ciki, lissafi ne da haƙuri da hangen abin da zai biyo baya. Kakanninmu sun buga ta a ƙarƙashin bishiya daga Sakkwato har Maraɗi, har ta shiga bakinmu muna cewa dara ta ci gida. Ludo da karta su ne baƙi: ludo daga wani tsohon wasan Indiya ta samo asali, aka yi mata rajista a Ingila a 1896, kartar Whot ma daga Ingila ta zo.

Abin da muke shirin korewa, wasu suna tattalinsa. A Amurka akwai wasan da ake kira Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974. Abokai ne ke zama a tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, kusan kamar tatsuniyar da kowa ke da baki a ciki. A shekarun 1980 an yi masa ca, wasu iyaye da limaman coci suka ce hanyar shaiɗan ce. Yau manyan ma'aikata ne ke haɗuwa a kansa bayan an tashi aiki, suna wasa suna ƙorafin shugabanninsu kamar yadda namu ke yi. A nan Abuja akwai kamfanin NIBCARD Games da ke ƙirƙirar wasannin tebur, wanda ya karɓi kyautar Diana Jones ta duniya a 2021. Wellington Jighere ya ciyo wa Nijeriya kambun duniya na wasan haɗa kalmomi na Scrabble a Ostareliya a 2015, ƙasa ta yi ta murna. Su in sun zauna a tebur ana ba su lambar yabo, mu in mun zauna a tabarma sai a kira 'yan sintiri?

Ba mu musun cewa akwai caca a Dutse. Akwai ta, kuma tana cin gidaje. Amma a je a dubi inda take. Tana shagunan cacar ƙwallo da ke bakin titi da manyan allunansu, tana kuma cikin wayar da ke aljihun yaranmu. Can babu dattijon da zai ce "kai, ya isa." Yaro shi kaɗai a ɗaki da tsakar dare zai tura kuɗin jarinsa ko kuɗin makarantarsa, babu wanda ya gani. A Kano Hisba ta rufe irin waɗannan shaguna a watan Oktoban 2024. Nan kuwa Babban Birnin Tarayya ne, shagunan da lasisinsu suke aiki, takardar ƙungiya ba za ta rufe ko ɗaya ba. Abin da takardar za ta iya kawai shi ne ta tashi talakawan da ke wasa a fili. In an tashe su, ina za su nufa? Kowa zai koma ɗaki da wayarsa, mu wayi gari mun kora su da hannunmu zuwa ga abin da muke gudu.

Akwai ƙorafe-ƙorafe uku da muka karɓa hannu biyu. Na farko na malamanmu ne: haramcin caca a bayyane yake a Suratul Ma'ida, kuma malamai da yawa sun tsananta a kan duk wasan da ake jefa ɗan lido a cikinsa ko da babu kuɗi. Fatawa tasu ce, ba tamu ba, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ludo ba ga dara nan. Na biyu na iyayenmu mata da matan aure ne, waɗanda ke cewa maigida ya dawo ya ajiye jaka ya fice, sai sha biyun dare. Gaskiyarsu ce, iyali na da haƙƙi. Na uku tsaro ne. Ba mu manta da mutanen da aka sace a Sagwari da wasu sassan Bwari a watan Janairun 2024 ba. Sai dai layin da maza goma da suka san juna ke zaune a bakinsa ya fi layin da ya yi tsit wuyar shiga ga baƙon da ba a san da zuwansa ba.

Duka ukun gyara suke nema, don haka ga abin da za mu gabatar a taro mai zuwa. Kada a aza ko naira ɗaya a kan wasa, har da na "wanda aka ci ya sayi shayi." Da an kira salla a tashi, ko wasa ya kai ina. Ƙarfe goma na dare a naɗe tabarma. Yaro ɗan makaranta ba ya zama. Raha ta tsaya a kan wasa da aiki, ban da zagin iyaye ko taɓa iyalin wani. Kowace majalisa ta fitar da dattijo ɗaya da ƙungiya za ta riƙa tuntuɓa. Wadda ta karya waɗannan bayan gargaɗi biyu, mu da kanmu za mu kai ƙararta wurin mai unguwa.

Ga manyanmu da suka kawo shawarar, muna roƙon alfarma ɗaya: kafin ranar taro ku zo ku zauna da su ko sau ɗaya, ku ji da kunnenku. Ga 'yan majalisa kuma, ku halarci taron ku yi wa kanku magana, kada a yi muku aski ba kwa nan.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya buɗa wa mai nema, Ya kare mana zuri'a daga caca. Amin.

Sakataren Ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.