Takardar koke daga talakawan ƙasar Kurfai kan nisan tafiya

Zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Tilaberi,
ta hannun Shugaban Gundumar Filinge.

Mu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa na ƙasar Kurfai muna kawo kukanmu gabanka.

Jirgin sama da ya tashi daga filin Diori Hamani a Yamai yakan sauka Tawa cikin kamar awa ɗaya, don nisan bai kai kilomita 400 a miƙe ba. Hanyarsa tana bi ta kusa da ƙasarmu. Mu da muke tsakanin filayen nan biyu, kilomita 180 ne kacal tsakaninmu da Yamai ta Baleyara, amma mai motar haya ba ya iya faɗa maka lokacin isa. Akwai jiran mota ta cika, akwai ramuka, akwai shingayen bincike, in damina ta sauka kuma ruwan Dallol Boso ya yanke hanyoyin ƙauyuka. Wanda ke da sha'ani a hedikwatar jiharsa, Tilaberi, sai ya fara gangarawa Yamai kafin ya sake hawa arewa ta bakin kogi, kusan kilomita 300.

Mai kai shanu kasuwar Lahadi zai iya haƙuri. Mace mai naƙuda wadda jini ya ɓalle mata ba za ta iya ba. Daga ƙauye a ɗoro ta a amalanke zuwa Filinge, in abin ya fi ƙarfin likitocinmu a ce sai Yamai, dare kuma ya yi, direba yana tsoron hanya, kuma da gaskiyarsa. Lokacin da aka hana hawan babur a sassan jihar nan a farkon 2020 saboda tsaro, mun bi umarni, mun san dalili, sai dai babur ɗin nan shi ne motar asibitin talaka. Mun binne mata da jarirai da hanya ce ta cinye su.

Ba jirgin fasinja muke roƙo ba, kuɗin kujerarsa ya fi ƙarfin yawancinmu. Muna roƙon a gyara fili kusa da Filinge, a share shi a tsare shi, inda ƙaramin jirgi ko mai saukar ungulu zai iya sauka ya ɗauki wanda rai ke hannun Allah. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya suna zirga-zirga tsakanin Yamai da Tawa da Agadas. Gwamnati tana da bakin da za ta yi musu magana. Muna roƙon a riƙa cike ramukan hanyar Baleyara kafin damina, a kuma ƙara motocin ɗaukar marasa lafiya da mai a cikinsu, har su kai Tukunus da ƙauyukan arewa.

Dattawanmu a shirye suke su nuna fili, matasanmu su yi aikin gayya. Muna sauraron amsarka.

Allah ya ja zamaninka.

Talakawan ƙasar Kurfai, Filinge.