Bayan An Naɗe Rumfunan Baje Koli

Idan ruwa ya ja baya a fadamar Haɗejiya aka shiga shirin noman rani, lokacin nan ne kamfanonin kayan gona su kan tuna da manomi. Sai a ga motoci da lasifika, a kafa rumfuna, a jera injunan ban ruwa da buhunan taki da kwalaben maganin feshi, a raba huluna da riguna masu sunan kamfani. Duk mutumin Kirikasamma da ya taɓa zuwa baje kolin Kano, ko na Kaduna wanda ya haura shekara 40 ana yinsa, ya san wannan tsari, kuma ƙananan tarurrukan da a kan kawo kusa da gida ba su bambanta da shi ba sai a girma. Taron kwana uku ne ko mako guda, sa'an nan kowa ya naɗe rumfarsa ya kama hanya. Abin da aka bari a baya shi ne abin dubawa.

Kamfanoni suna da wata magana da su ke so ƙwarai a zamanin nan, watau haƙƙin jama'a a kan kamfani. Galibi idan sun faɗe ta, nufinsu buhunan shinkafa da aka raba, ko ajin makaranta da aka shafa wa fenti aka ɗauki hoto. Babu laifi, kyauta ba ta kaɗan. Amma haƙƙi na fari da ke wuyan mai sayar da kaya yana cikin kayan nan nasa ne, kuma masu shirya baje koli su ne ke da ikon sa shi ya sauke, domin ba ya samun rumfa sai da takardarsu.

Ga dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi a ƙasar Kirikasamma. Kogin Haɗejiya idan ya wuce garin Haɗejiya rarrabuwa ya ke yi, reshe guda ya bi mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, sauran su bazu cikin fadama. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake. Kacala ta cika mashigai ta toshe su, ruwa ya kan kwanta inda da ya ke wucewa, jan-baki kuwa suka sami wurin kwana. To, ruwan nan da ya kwanta, shi mai lambu ke ja da inji, a cikinsa masunci ke jefa komarsa, nan Bafillace ke shayar da shanu, nan mata ke wanki. A ƙaramar hukumar nan kuma dausayin Baturiya ya ke, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu. Abin da mutum ɗaya ya zuba a ruwa irin wannan, jama'a duka ya zuba wa.

Sai a dubi kwalbar maganin feshi bayan ta ƙare. Wadda aka yar a bakin lambu, ambaliya ta kwashe ta. Wadda ta yi kyau kuwa, musamman jarka mai murfi, ba a yar da ita, gida a ke kai ta a ɗauraye a zuba man gyaɗa ko ruwan sha na zuwa gona. Wanda ya yi haka ba wauta ta sa shi ba, jarka kuɗi ce, kuma ba wanda ya tsaya ya gaya masa cewa roba ta kan riƙe dafi. Umurnin yana jikin kwalbar, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙe waɗanda akawu ma sai ya sa tabarau. Dattawan masunta ba su manta da ɓarnar Gamalin ba, lokacin da a ke zuba shi a ruwa kifi ya taso babba da yaro, har duniya ta haɗu ta hana sinadarinsa a 2009. 'Yan kasuwa kuma sun ɗanɗana tasu a 2015, da Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda yawan fiya-fiya da aka samu a jikinsa.

Wasu ƙasashe sun riga sun sami hanya. A Barazil, dokar da aka kafa a 2000 ta ɗora wa manomi ya ɗauraye kwalba sau uku ya mayar da ita cikin shekara guda, mai kanti ya tanadi wurin karɓa, kamfanin da ya yi maganin kuwa ya kwashe ya san yadda zai yi da ita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kwalaben roba suna komawa ta wannan hanya. Su ma masu shirya manyan taruka suna da ƙa'idarsu mai lamba ISO 20121, wadda ta fito a 2012 albarkacin wasannin Olimfik na Landan, ainihinta kuwa shi ne a lissafa ɓarnar da taro zai jawo wa gari tun kafin a kafa rumfa ta fari.

Ba sai an jira doka daga Abuja ba. Sashen gona na ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar manoma, ko duk wanda ya kira taron, yana iya sa akawu ya ƙara layi biyu a takardar kama rumfa: mai sayar da maganin feshi ya zo da kejin tara kwalabe, ya bar shi wajen dillalinsa na kasuwa, ya rubuta ranar da motarsa za ta zo kwasa. Ya kuma tsayar da mutum a rumfa wanda zai nuna awo da sa safar hannu da rufe hanci, da Hausa, a gaban jama'a, a buga takardar da boko da ajami. Mai injin ban ruwa ya faɗi kantin da za a sami kayan gyaransa a Haɗejiya, kada inji ya tsaya tsakiyar Janairu alkama na neman ruwa a ce sai Legas. Mai iri ya shuka shi a fili guda cikin fadamar, ya dawo ranar girbi a auna buhu a gabansa. Ledoji da robobin ruwa da taron kansa ke tarawa, kwashe su aikin masu taro ne, kuma kuɗin rumfa ya isa biyan samarin gari su yi shi.

Wani zai ce idan aka tsananta sharuɗɗa kamfanoni za su ƙi zuwa, manomi ya rasa ganin sabon abu. Lalle akwai ƙanshin gaskiya a nan, domin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana da irin shinkafa mai saurin nuna, da yawa a irin rumfunan nan aka fara ganinsu. Amma ba zumunci ke kawo kamfani fadamar Haɗejiya ba, ciniki ne. A Jihar Jigawa aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa a 2023, kowane mai taki da mai magani ya san inda masu saye su ke. Wanda keji guda zai kora, da ma ba shi da niyyar dawowa.

A zamanin En'e, idan aka yi nunin amfanin gona, manomi ne ke tsakiyar fili da ragonsa da damin dawarsa, shi a ke ba kyauta. Yanzu ya koma mai kallo a bayan igiya, amma kuɗin da a ke nema har yanzu a aljihunsa su ke. Saboda haka kafin ya miƙa su yana da damar ya ce wa mai rumfa, "Malam, in ta ƙare ina zan kawo maka kwalbar?" In ba a ba shi amsa ba, ya matsa rumfa ta gaba. Wadda ke hannunsa tun bara kuwa, ya ɗauraye ta sau uku, ya juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, ya huda gindinta da ƙusa, ya ajiye ta nesa da yara da bakin ruwa.