Masunta, A Kife Tsofaffin Jirage

'Yan'uwanmu masunta mazauna bakin Kwara, wajen Anacha da Asaba, kowace damina suna kukan zazzaɓi, suna ɗora wa kogi laifi. A ganina sun yi wa kogin ƙage. Sauron zazzaɓi ba ya ƙaunar ruwa mai gudu. Kwantacce yake nema ya zuba ƙwai, watau irin na cikin tsohon kwalekwalen da aka jawo gaɓa aka manta, ko ramukan da ambaliya ta bari bayan bukka. Kamar kwana 10, ƙwan ya zama sauro. Masunci kuwa in ya kwanta mako guda, iyali ba cefane. To, a kife jiragen nan, a cike ramukan. Gidan sauro kuma, don Allah a daina kama 'ya'yan kifi da shi, a rataya wa yara.